Kifin Baba

Ta kashe fitilar ɗakin gwaji, ta kunna shuɗiyar, ta duƙa tana duba sakamakon. Layin da ke nuna alamar kifin ya fito sarai a gurbin da ta sa ruwan tafki.

Mako guda ta yi a kan aikin nan. Ta tace ruwan, ta wanke ɗan abin da ya maƙale a matatar daga laka da ƙazanta, sannan ta sa shi a injin da ke ninka DNA, wato ƙwayar halitta, har ido ya iya gani. Kifi ko wucewa ya yi ta ruwa, sai ya bar alamarsa. Idan aka tabbatar kifin nan mai jan ƙaya yana nan, ba za a cike tafkin a yi gini ba.

Kowa ya ce kifin ya ƙare tuntuni, ban da mahaifinta, tsohon masunci. Yana da busasshe guda a rataye a ɗakinsa, kullum da safe sai ya shafa shi. 'Yan unguwa har tambayarsa suke ko kifin ya tashi lafiya.

"'Yar masunci, kin yi kamu!" in ji abokin aikinta, yana leƙowa ta kafaɗarta. Sai ya nuna da yatsa. "Duba gurbin ƙarshe."

Gurbin ƙarshe na kwalbar shaida ne, tsabtataccen ruwa da ake buɗewa a bakin tafki a sake rufewa. Bai kamata a ga komai a cikinsa ba. Layin yana nan, har ya fi na tafkin haske.

Ta tuna ranar ɗiban ruwan. Murafen sun yi tauri, Baba ya karɓi kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kawo nan, hannun biro ne da ke." Abin ya yi mata ciwo. Kifin da ta kama, na bangon ɗakinsa ne.

Ta cire safar hannu ta fita. Baba yana zaune a benci, ya sa sabuwar hula.

"Yaya, uwata? Ya fito?"

"Ya fito, Baba, amma sai an sake."

"Don me?"

"Haka aikin yake. Gobe mu koma. Kai za ka tuƙa jirgi, ni zan riƙe kwalabe."

"Ba za ki iya buɗe su ba."

"Zan iya," ta ce.