Ramukan Maɓalli

"Sake yi in gani," in ji likitar gashin ƙashi.

"Sau nawa kike so, Likita? Ko ido rufe sai in yi."

Kafinta ya ɗaga hannunsa na dama, wanda har yanzu yake 'yar rawa kamar ganye a kan ruwa, ya kai shi ƙirji. Maɓallin farko ya shige raminsa ba gardama. Na biyu ma haka. Kafin ya kai na wuya har ya fara murmushi, irin murmushinsa na yanzu, wanda ɓarin fuska ɗaya ke riga ɗaya isowa. Ya waiwayi matarsa da ke zaune a bakin ƙofa, jaka a cinya.

"Tela, gaya mata wa ya sa mini riga yau."

"Kai ka sa abarka," ta ce, idonta a ƙasa.

Tun farkon shekara ya faɗo daga rufin wani bene da suke buga wa kwano, kansa ya daki bulo. Ya yi makonni bai san inda yake ba, inji ne ke yi masa numfashi. Ita kuwa ta garƙame shagon ɗinkinta da ke ƙarshen layinsu ta tare a gefen gadonsa, tana jiƙa masa leɓe da auduga, tana ba shi labarin duk wanda ya zo dubiya kamar yana ji. Da Allah ya sa ya farka, harshe ya dawo, ƙafa ta biyo baya da taimakon sanda. Hannun guduma ne kaɗai ya yi taurin kai. Likita ta ba shi aikin gida: kullum da safe ya ɓalla maɓallan rigarsa da kansa, komai daɗewa. Ta ce musu da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Abin da yatsu ba su koya a waɗannan watannin ba, da wuya su koya daga baya.

"Madalla," in ji likitar. "To ga nawa kuma."

Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani ɗan allo da aka lulluɓe da yadi, an jera masa maɓallai irin na rigar kowa. Ta ajiye masa a cinya.

Ya kama na farko da dariyarsa. Maɓallin ya zille. Ya sake kamawa, ya kai shi bakin rami, babban yatsa ya ƙi turawa. Fanka tana juyawa a sama, amma gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya bi tabon ɗinkin da ya ratsa gashin kansa. Can ya ɗago.

"Wannan allon naki yana da matsala. Wa ya haɗa shi?"

Likitar ta matso da kujerarta, ta nemi izini, ta ɓalle maɓalli ɗaya na rigar da ke jikinsa, ta zura ɗan ƙaramin yatsanta a ramin. Yatsan ya wuce har gaɓa. An faɗaɗa ramin, an bi bakinsa da zare kalar yadin, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran jariri.

"Wannan aikin gwani ne," ta ce a hankali.

Kafinta ya sunkuya ya duba. Ya san wannan ɗinkin. Shi ne a bakin aljihun duk wandon da ya taɓa yagawa a wurin aiki.

"Tela?"

Matar ta murza hannun jakarta.

"Ranar farko, tun shayinka yana tururi kake fama da maɓalli ɗaya, har ya huce. Sai ka juya fuskarka bango. Ni ban taɓa ganin hawayenka ba, Maigida, ko ranar da aka warware maka ɗinkin kai." Ta ɗago ta kalle shi. "Kaɗan na ƙara wa ramin faɗi. Washegari ka yi dariya har maƙwabta suka ji. To ina zan iya tsayawa? Sai na bi sauran rigunan."

"Duka?"

"Har ta zuwa biki."

A waje ana tura wani a keken marasa lafiya, tayar tana ƙugi. Kafinta ya kalli hannunsa da ke kwance a kan allon, kamar baƙon da aka ba shi ajiya. Jiya-jiyan nan ya aika wa abokan aikinsa cewa su ajiye masa gudumarsa, wata mai zuwa yana nan tafe.

Sai ya ja dogon numfashi, ɓarin bakinsa ya motsa.

"Mu kafintoci, in ƙofa ta ƙi shiga, mukan fere katakon a ɓoye mu ce wa mai gida ta zauna daram. Ashe teloli ma 'yan uwanmu ne a ha'inci."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta share ido da bakin mayafi.

"Ba a makara ba," in ji likitar, "amma wasa ya ƙare. Malam kafinta, koma kan allonka. Ke kuma, 'yar uwa, ki yi kallo kawai."

Ya sake kama maɓallin. Ya cije leɓe, ya tura, gefensa ya leƙa ta cikin ramin kamar jinjirin wata. Tela ba ta san lokacin da ta baro kujerarta ba. Sai ganin hannunta ta yi a iska, saura ƙiris ya taɓa yadin, yatsunta sun riga sun shirya. Ta tsaya tana kallon hannun nata. Maɓallin ya sulluɓe ya koma inda ya fito.

Kafinta bai ɗago ba. Ya goge yatsunsa a gwiwa ya sake kamawa.

Ta janye hannun a hankali, ta damƙe shi da ɗaya a bayanta. Ta kalli ƙeyarsa, inda gashi bai gama rufe tabon ba, ta ji son mutumin nan yana neman fasa mata ƙirji. Ta kuma san cewa muddin tana cikin ɗakin, gobe ma hannun nan zai tashi.

"Likita, ki zama shaida," ta ce. "Yau zan mayar da ramukan yadda suke, duka. Daga gobe kuma zan buɗe shago. Ina ajiye masa shayi zan fita. Maigida, in ka gama ka ɗauko sandarka ka same ni a can, ko da rana ta take tsaka. In kuma ba ka gama ba, ka taho ƙirji a buɗe, layi ya sha kallo."