Zangon Gajimare

Ilimi ba ya shiga kan ɗalibi sai ta ƙofar da ɗalibin ya buɗe da hannunsa. Wannan ita ce gaskiya mafi girma da aka gano a harkar koyarwa tun ranar da aka ƙirƙiro alli, kuma Shugaban makaranta ne ya dawo da ita daga wani taron bita na kwana uku, tare da jaka mai tambari da biro biyu. Ranar Litinin ya tara malamai ya karanta musu sabon tsari. Kowane ɗalibi zai rubuta abin da ransa yake so a 'yar takarda ya jefa a kwali, malami kuma ya gina darasin zango a kan abin da ya fi yawa. Wanda aka buɗe kwalinsa aka ga wayam, to, ɗalibai sun yi magana, sai a nema masa wata makarantar.

Kowa ya san kwalin wa ake nufi. Malamin labarin ƙasa na 'yan ajin ƙarshe ya shekara goma sha tara yana koyarwa da murya guda, irin ta tsohuwar fanka. Rabin darasi a bakin taga yake yinsa, kai a ɗage, yana kallon sama.

Mutum ɗaya ce labarin ya hana sukuni, wato monitar ajin, wadda ake kira Rula saboda ko unguwa za ta, da rula a jakarta. Tana ƙarama ta taɓa ganin wasu mutane a ƙarshen layinsu sun kafa wani abu mai ƙafa uku, suna leƙa wani fili da babu komai a cikinsa. Da shekara ta zagayo, sai ga titi ya shimfiɗu daidai inda suka leƙa. Tun ranar ta ƙudura makarantar safiyo, ta masu awon ƙasa, za ta. Makarantar safiyo kuwa ba ta karɓar wanda bai ci labarin ƙasa ba, rabin makin jarrabawar kuma yana kan tambayar taswira, taswira kuma a wannan zangon na ƙarshe ake koyar da ita. In aka ɗauke Malam, ba a kawo wani ba sai bayan an gama jarrabawa.

Da za a fita hutun tara, ta tsare ƙofar aji.

"Kowa ya rubuta taswira," in ji ta.

"Allah ya kiyaye!" in ji Dogo, mai zama a bencin baya, wanda barci ne babban darasinsa. "Hajiya monita, ke aka ce ki rubuta son ranki, ba ki rubuta mana namu ba. Ni farar takarda zan jefa."

"Sai a kori bawan Allah da tsufansa?"

'Yan aji suka kalli juna. Ba sa son darasinsa, amma ba wanda yake so a ce da hannunsa aka kori dattijo. Wata ta ce to a rubuta masa abin da shi yake so mana, ko ya ji daɗi. Me yake so? Duk suka juya suka dubi tagar.

"Gajimare," in ji Dogo. "Kuma gajimare a waje yake, ba a aji ba. Na yarda."

Rula ta yi lissafi a ranta. Gajimare dai nawa yake? Sati biyu ya ƙare, a dawo kan taswira. Ta rubuta nata da kyakkyawan rubutu, ta ja masa layi a ƙasa.

Abin da ajin bai sani ba shi ne, kwanon ɗakin Malam yana yoyo a wuri bakwai, ɗaya daidai kan akwatin littattafansa. Kallon da yake wa sama, irin kallon da ake wa maƙwabci mai neman rigima ne.

"Su kuma me suka gani a gajimare?" matarsa ta tambaya da la'asar, tana jera robobi a tsakar ɗaki.

"Oho. Abin da na fi ƙi a duniya ke nan."

"To ka gaya musu mana, Malam."

"Yara arba'in sun buɗe min cikinsu, in ce musu me? Miƙo bokitin nan, hadarin gabas ɗin can ba alheri ya zo da shi ba."

Haka aka koma filin ƙwallo. Suka kwanta rigingine a kan ciyawa, littattafai a ƙirji, Malam a tsaye a tsakiyarsu. Sai ga wani abin mamaki: mutumin ya san gajimare. Ya san shi sanin da ake wa abokin gaba.

"Wancan fari mai kama da auduga, baki kawai gare shi, ba ya komai," in ji shi. "Wancan siriri na can ƙololuwa, ɗan aike ne, jibi manyansa za su iso. Amma kun ga mai baƙin gindin can? Bokiti uku ne, ba fashi."

Suka rubuta bokiti uku, suna tsammanin ma'auni ne na masana.

Sati biyu suka wuce ba wanda ya ƙirga. Kwanaki suka riƙa tafiya a hankali, kamar abin da ake kallo. Da hantsi garken fararen tumaki ya ƙetare saman makaranta, kafin azahar ya narke ya zama gari mai benaye, garin ya rushe ba ƙara ba ƙura. Ƙararrawa takan kaɗa kamar daga wata ƙasa. Inuwa ta bi ta kan fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta haura katanga ta tafi abinta. Muryar Malam ta daina zama ta fanka. Dogo, da aka ba shi filin barci kyauta, ya kasa rufe ido. Ita kanta Rula wata rana ta farga ta yi darasi guda ba ta tuna da titin ƙarshen layinsu ba.

A sati na shida ta same shi a ofishin malamai yana shanya wani littafi a bakin taga.

"Malam, ashe kana son gajimare sosai."

"Ke dai bari, 'yata. Tunda kuna so."

"Muna so, Malam." Ta juya rular a hannunta. "Na ce... taswira fa? In an samu dama."

Malam ya miƙe har littafin ya faɗi. A ranar ya shiga wurin Shugaba ya ce akwai taswira a manhaja, lokaci kuma yana ƙurewa.

"Manhaja takarda ce, Malam," in ji Shugaba. "Waɗannan kuwa rayuka ne." Ya jawo kwalin ya zazzage shi a kan tebur. "Arba'in cikin arba'in. Ko a wurin bita ba a taɓa jin irin wannan ba. Nuna min guda ɗaya da ta ce taswira."

Malam ya tona. Ya tsinci wata mai kyakkyawan rubutu da layi a ƙasa, ya gane hannun, ya karanta abin da ta ce, ya mayar.

"Ranar Laraba baƙi za su zo daga ofishin ilimi da mai hoto," in ji Shugaba. "A tabbata yara suna kwance."

Malam ya yi niyyar ya koya wa Rula taswira ita kaɗai bayan an tashi. Sau biyu ya karɓo mabuɗin sito inda taswirori suke a naɗe, sau biyu hadari ya haɗo daga gabas, ya hau babur ya yi gida. Ita kuma kunya ta hana ta sake tambaya.

Ran jarrabawa gari ya waye tas. Tambaya ta ɗaya, wadda ba a tsallakewa, taswira ce: kogi, gada, wani asibiti a gefen tudu. A faɗi nisan gada zuwa asibiti da kilomita. Rula ta ɗora rularta. Santimita bakwai cif. Ta daɗe tana kallon ƙananan lambobin da ke ƙasan taswirar, masu mayar da santimita kilomita, su ma suna kallonta. Can a shafi na uku akwai tambayar gajimare mai maki biyu. Duk ajin suka cinye ta, har Dogo.

Sakamako ya fito. Yawancin ajin dama ba labarin ƙasa suke buƙata ba, kowa ya kama gabansa. Dogo ya tafi garejin kawunsa, inda aka ce har yanzu shi yake faɗa wa makanikai lokacin da za su kwashe kaya daga waje. Malam ya tsira da kujerarsa. Shugaba kuwa an gayyace shi taron bita na bana, wannan karon a matsayin mai jawabi.

Rula ta dawo maimaita aji. Ta zauna a bencinta na da, cikin ƙannen bayanta. Da zangon ƙarshe ya zo aka zagaya da kwali, ta rubuta taswira, ta ja layi biyu. Sauran talatin da tara, waɗanda bara suka yi ta hangen yayyensu ta taga a kwance kan ciyawa, suka rubuta gajimare. Wannan karon da gaske suke.

Malam ya ɗauki takardarta ya ninke ya sa a aljihu, bai dube ta ba. Aka fita fili. Ta nemi wurin da ciyawa ta bushe ta kwanta, ta ciro rula ta ɗaga sama, ta rufe ido ɗaya. Wani fari ne yake wucewa a hankali, irin wanda ba ya komai. Santimita huɗu. Ta rubuta a bayan littafinta, ta bar filin kilomita a gabansa.