Tsakin Inna Gaji a Layi na Huɗu

Yaya Hanne, zauna ki ji, kuma don Allah kar ki katse ni, tun jiya bakina ke ƙaiƙayi!

Kin san tun da na gama wankan jego na dawo Ajingi, Batula ba ta da aiki sai kuka. Ta sha nono ta yi kuka, a goya ta ta yi kuka. Malamar asibiti ta ce ciwon cikin jarirai ne, zai wuce, kar a bari kowa ya sa mata ƙarfe a baki. Amma surukata Inna Gaji ta ce ina, belu ne, ai don ba a cire ba ne. Ta aika wa Ɗantani wanzami ya zo ran Asabar da hantsi. Ni wa ya ba ni bakin musu da suruka? Sai in shige ɗaki mu yi kukan mu biyu.

To, Baban Batula kuma kin san haukansa. Wai suna yara a Gaya akwai shagon da ake buga gem a talabijin, manya ba sa bari ya taɓa, sai dai ya maƙale a taga. Ko hoton ba ya gani sosai, kiɗan kawai yake ji, tii-rii-rii kamar sauro ya yi boko. Har yau in ya tuna sai idonsa ya kawo ruwa, ƙato da shi! Yanzu in ya dawo daga gyaran waya sai ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa yana haɗa irin kiɗan da wani abu wai shi tiraka. Ba hoto ba komai, lambobi ne layi huɗu suna ta gangarowa kamar sakamakon jarrabawa. Ko filas zai soka a kwamfutar sai ya hura masa iska, wai haka ake wa kaset ɗin gem.

Kowane layi da sautinsa. Ɗauka yake da waya, ya yanke ɗan mitsitsi ya zuba. Dakan da nake yi a turmi shi ne gangarsa. Sai murfin tukunya, sai sauron nasa. Na huɗun kuwa tsakin Inna ne! Kullum ta wuce ta gan shi yana gyaɗa wa lambobi kai sai ta ja tsaki, ashe ya ɗauke. Ya ce in na faɗa ba shi ba ni.

Jiya Asabar sai ga Ɗantani da zabirarsa, aka shimfiɗa masa tabarma. Batula na ta tsala ihu a hannun Inna. Baban Batula na ƙofar ɗaki da abin sauraro a kunne, ya zabura zai je ya ba Inna haƙuri, igiyar ta fizge daga kwamfutar. Kiɗa ya cika gida.

Yaya Hanne, ɗif! Yarinya ta yi shiru, ta buɗe ido.

"Kashe mana shirmen nan, Sagiru," Inna ta ce wa ɗanta.

Ya kashe. Ihu ya dawo.

Ɗantani ya ce, "Ɗan sake kunnawa mu gani." Baban Batula ya kunna, kuka ya tsaya, sai Ɗantani ya ƙara da cewa, "To a ciki wanne ne maganin? Ana iya rarrabewa?"

Baban Batula ya cire turmi, shiru. Ya cire tukunya, shiru. Ya cire sauron da yake taƙama da shi, ko a jikinta. Sai na huɗun ya rage shi kaɗai yana ta tafiya: mtss, mtss-mtss, mtss.

Ɗantani ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗi. "Gaji, wallahi tsakin nan tun muna samari na san shi. Da shi kika kore ni a dandali!"

Baban Batula gumi har wuya. Ni na gama cewa yau kwamfuta sai rijiya. Inna ta dubi kwamfutar, ta dubi ɗanta, ta dubi Batula da ta fara lumshe ido.

"Cire shi in gani."

Ya cire. Batula ta taɓe baki za ta fara.

"Mayar, mayar!" Inna ta gyara zama. "Ashe kakarta take nema, ku kuna can kuna mata kukan sauro. Ɗantani, naɗe kayanka, wannan ba belu ba ne. Fiddausi, dama masa fura."

Ban taɓa dama fura da daɗin rai irin na jiya ba. Batula ta yi barci har azahar, har tsifa na samu na yi.

Yau da safe Inna da kanta ta kawo kujerarta ƙofar ɗakinmu. Wai a sake ɗaukar tsakin, wancan da goro a bakinta ta yi shi, bai fita da kyau ba. Sai dai fa ya ƙi fitowa, don dariya ke kama ta. Sai da Baban Batula ya ce mata yana so ya bar gyaran waya ya koma kiɗan gaba ɗaya. Nan take ya samu guda uku masu kyau.