Tukunyar Da Ta Fitar Da Ƙugun Jita

Asalinsa kafinta ne, amma tun da ya koma ƙera jita mutanen layin suka daina kiransa da komai sai Mai Jita. Shagonsa yana manne da kicin ɗin matarsa, ƙofa ɗaya ce tsakani, kuma ta wannan ƙofar kayan girki ke yin hijira ba su dawowa. Da magogin albasa yake kankare katako. Butar shayi ke ba shi tururin tausasa shi. Da bayan cokali yake goge ƙarafan wuyan jita har su yi santsi, bakin kofi kuwa shi ne ma'aunin ramin tsakiya. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin sata ba. A ganinsa ƙarin girma ne ga ludayi ya bar miya ya shiga harkar waƙa.

Babban sirrinsa wata tsohuwar tukunya ce mai kauri da ta lotsa a gefe. Yakan kife ta a kan garwashi, in ta ɗauki zafi ya manna mata jiƙaƙƙen katako, sai lotsawar ta fitar da ƙugun jita daidai. Lotsawar ma tana da tarihi. A farkon aurensu ya taɓa cewa girkin matarsa bai kai na mahaifiyarsa ba, ta wurgo masa tukunyar, ya sunkuya, ta bugi ƙarfen ƙofa.

Abin da ya manta shi ne tukunyar ta aro ce. Wata safiya yayar matarsa ta shigo shagon, ta tsaya tana kallon abarta kife a kan wuta.

"Malam, me kake dafawa a bayan tukunya?"

"Yaya, aiki take yi."

"Ni ma aikin zan ba ta. Na ciki."

Ta naɗe ta a tsumma ta yi gaba, ta bar shi da rabin jitar Maƙogwaro. Shi Maƙogwaro mawaƙi ne da ya yi alkawarin zai ambaci Mai Jita a gaban jama'a ranar babban wasansa, in jitar ta samu kafin ranar. In ba ta samu ba, zai shiga kanti ya sayi ta kamfani. Mai Jita ya yi furfura yana jiran a faɗi sunansa a lasifika ko sau ɗaya.

Ya sayo sabuwar tukunya, ya lotsa ta da guduma. Lotsawar ta fito da kusurwa, katako ya karye. Ya sake sayo wata, ya ajiye ta a gabansa ya zauna yana tunani, har ya gano inda ya kuskure: guduma ba ta da fushi. Waccan lotsawar hannun mace mai ɓacin rai ne ya yi ta.

Daga nan tunanin ya yi nauyi. Shin ya halatta mutum ya ɓata wa matarsa rai da gangan, in dai abin da zai fito zai faranta ran jama'a masu yawa? Ya auna ran mutum ɗaya da na jama'a cike da fili, ya ga fili ya rinjaya. Bai lura ba cewa shi ne mai riƙe da ma'aunin, kuma sunansa na cikin abin da ake aunawa.

Ya kai tukunyar kicin ya ajiye inda hannun matarsa zai kai, ya tsaya daidai gaban ƙarfen ƙofa.

"Maman yara, miyar nan fa ba gishiri."

"Ga shi can a bayanka, Maigida. Ka ɗiba da yatsa, ai ka kwashe cokulan."

Washegari ya koma ga tsohon makami. "Har yau dai girkinki bai kai na mahaifiyata ba."

"Allah ya jiƙan ta," in ji ta tana yanka albasa. "Gaskiya ta fi ni hannu."

Ya ce ta yi ƙiba, ta ce alhamdulillahi. Ya ce 'yan'uwanta marowata ne, ta ce ai ita ta fara gaya masa. Shekarun zama da shi sun sa mata haƙurin da bai yi tanadinsa ba, ga shi ranar wasa tana ƙaratowa.

Daga ƙarshe ya zauna a kan turmi, ya sauke murya. "Don Allah ki taimake ni. Ki yi fushi ki jefe ni da tukunyar nan. Lotsawar nake so."

Ta ajiye wuƙa a hankali.

"Wato duk maganganun nan ba daga zuciyarka suke ba?"

"Wallahi ko ɗaya."

"Na zaci bayan tsawon shekarun nan ka fara ɗanɗana abin da nake dafawa. Na zaci ka ɗago kai ka dube ni har ka ga na yi ƙiba. Har daɗi na ji! Ashe tukunya kake kallo?"

Ya miƙe da murna ya ruga gaban ƙarfen ƙofa, yana shirin sunkuyawa. Sai dai lissafinsa ya tsallake abu biyu: bayansa ya tsufa, hannunta kuwa ya ƙware. Tukunyar ba ta kai ga ƙarfe ba.

Da ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara lalubawa tukunyar ce. Ta lotsa, lotsawa mai kyau, zagayayya, daidai faɗin goshinsa.

Ranar wasa Maƙogwaro ya ɗaga jitar sama ya ce bai taɓa riƙe mai ƙugu irin wannan ba, ya ambaci Mai Jita a lasifika, ya ce ya miƙe jama'a su gan shi. Ya miƙe da ƙulu a goshi, ana ta tafi.

Da aka tashi, Maƙogwaro ya riƙo hannunsa. "Abokaina duk suna so. Amma akwai mai son babba, ka gane? Ƙugun ya fi wannan zurfi."

Mai Jita ya shafa goshinsa, ya waiwayi matarsa.

"Ka karɓi aikin, Maigida," in ji ta. "Akwai babbar tukunya a gida."