Kujerun Alhaji Hashimu

Kujerun aro ne suka hana Najaha tallafin karatu, kuma ubanta Illa ne ya turo su da kansa a baro, sawu uku.

Yarinyar ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu gurbin karatun likita a jami'ar Damagaram. To amma gurbi ba ya ciyar da mutum. Ga kuɗin ɗaki, ga abinci, ga littattafai, Illa kuwa rake yake sayarwa a bakin tashar Matameye, damina ta faɗi ya koma gona. Shi ya sa da malaminta, Mushe Nasiru, ya kawo labarin wata ƙungiya a Yamai mai ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa ƙarfi, aka cika takardu aka aika. Sai ga waya: ran Laraba mutum biyu za su zo su ga gida.

Illa ya tsaya yana duban ɗakinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce da matarsa, “Baiwa, baƙi daga Yamai a wannan tabarmar za su zauna? Ko akuya ta raina ta.”

“Akuyar ce ai ta cinye gefen.”

Najaha ta ce, “Baba, cewa suka yi gidan za su gani, yadda yake.”

“Ke bak kika sani, ni na san mutane. Wa zai zuba dukiyarsa a gidan da bai san darajar baƙo ba?”

A unguwarsu haka ake yi. In baƙon kunya zai zo, maƙwabta ke rufa wa mutum asiri, wannan ta miƙo kwanukan tangaran ta kan katanga, wancan ya aiko da darduma. Illa ya shiga gidan maƙwabcinsa Alhaji Hashimu, mai kai wake Kano, wanda ɗansa Marwan sai a zama na uku ya ci bak, amma yanzu yana Maroko yana karatu, don uban ya biya. Alhaji ba shi da rowar kaya. Ya ba da kujeru da kafet da fanka da tele, wato talabijin.

“Ɗauki har firjin, Malam Illa.”

“Ai ba mu da wuta, Alhaji.”

“A jawo waya ta katanga mana. Don yini ɗaya?”

Ran Laraba Baiwa ta soya zabbi biyu, Illa ya zura shaddar Sallarsa. Baƙin suka iso da hantsi, wani mai tabarau da wata matashiya riƙe da waya babba. Namijin yana tambaya, ita tana dube-dube tana latsawa.

“Sana'arka fa, Malam?”

“Harkar rake muke taɓawa. Daga Dungu muke ɗaukowa.”

“Da mota?”

“Wani lokaci,” in ji Illa. Ba ƙarya ya yi ba, sau ɗaya wani direba ya taɓa rage masa hanya da dami biyu.

“Tele nawa ce a gidan?”

“A nan ɗakin dai, ɗaya.”

Najaha na tsaye bakin ƙofa tana tauna bakin hijabinta. Ta buɗe baki, Illa ya aika mata da ido, ta rufe.

“Akwai ranar da ake yini ba a ɗora tukunya ba?”

Akwai, a watan bakwai ma an yi. Amma mutum yana zaune a kujera mai laushi, fanka na kaɗa masa babbar riga, matarsa na saurare daga bayan labule.

“A gidan nan? Allah Ya kiyaye.”

Bayan mako biyu Mushe Nasiru ya same shi a tasha yana fere rake. Ya ce sunan Najaha bai fito ba, an rubuta gidan masu hali ne. Illa ya karɓi wayar malamin ya kira mai tabarau, ya zayyana masa komai, har wayar wutar da aka jawo.

“Malam, mun tambaye ka, ka amsa. An riga an cike gurabe, sai dai baɗi. Ka gaida Hajiya, zabbin nan har yau ana maganarsu.”

Alhaji Hashimu da ya ji, dariya ya yi har da goge hawaye. “Da na sani ai da na sa sunan Marwan. Ran nan falona fayau yake, a kan buzu na ci tuwo.” Illa ya ɗan ƙara zama, ko Alhaji zai ce wani abu bayan dariyar. Aka kawo shayi, aka sha, aka yi sallama.

Najaha kuwa ta ninke takardunta ta sa a ƙasan akwati, washegari ta ɗauki bokitin awarar uwarta ta kai bakin titi. Da tsiwa ta yi wa Illa da ya fi jin sauƙi. Kwana huɗu yana hango ta daga gindin rakensa, tana ƙirga wa mutane awara da cokali mai yatsu.

Ranar kasuwa ya kwance ɗaya daga cikin shanun huɗarsa guda biyu ya ja shi kara, inda ake cinikin shanu. Dillalai sun ga mai sa yana sauri, suka taya yadda suka ga dama. Ya sallama.

A tasha, tana shirin shiga motar Damagaram, ya riƙe ƙofar. “Wai shekara nawa ne karatun nan naki?”

“Bakwai, Baba. In ba a maimaita ba.”

“To, kar a maimaita.”

Da damina ta zagayo, sa ɗaya ba ya jan garma, kuma ranar huɗa ba mai ba da aron nasa, kowa yana gonarsa. Illa ya huɗe tasa da hannu, kunya bayan kunya, kwana goma sha ɗaya a duƙe. Sa ɗayan da ya rage yana ɗaure a gindin gawo, yana tuƙa yana kallonsa.