Ƙafar Inna Kaltuma

Yagana ko sallama ba ta yi ba. Ta faɗo rumfar a guje, mayafi na jan ƙasa, ta dire ƙafar itacen a gaban mijinta.

"Maigida, leƙa cikinta!"

Attahir ya ajiye gizago. Tun bai ɗauka ba warin ya buge shi. Ya juyo bakin ƙafar, inda dungu ke shiga, ya ga fatar akuyar da ya shimfiɗa a ciki ta yi baƙi ƙirin da jini da mugunya. Shi ya sassaƙa ƙafar nan da hannunsa, kuma ta uwar matarsa ce, Inna Kaltuma.

"Tun yaushe?"

"Wa ya sani? Sai yau da zazzaɓi ya kayar da ita a bakin turmi na samu na kwance mata. Na ce Inna, me ya hana ki faɗa? Wai ita ba za ta kushe aikin suruki ba."

Bara da kaka kububuwa ta sari Kaltuma a gonar gero. Kafin a kai ta Damagaram ƙafar ta ruɓe, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Ta dawo garinsu Rijiyar Dado tana jan jiki, dangi kuwa suka fara ƙus-ƙus ɗin a mayar da ita birni a zaunar a ƙofar masallaci, inda guragu ke samun sadaka. Macen da ke cika rumbu biyu da guminta! Attahir ya ce ba dai yana raye ba. Shi ɗan dukawa ne, ya yi soje, kuma a wata ma'aikatar sojan Faransa can bakin teku ya koyi haɗa ƙafa ga waɗanda yaƙi ya nakasa. Da aka sami 'yancin kai ya dawo gida, ya kafa rumfa a bayan katangar gidan likita. Mutane na kiransa mai sassaƙa, kamar mai yin akushi.

Sai dai ita wannan ƙafa ta zo da sarƙaƙiya. A garin nan in mutum ya hango surukarsa hanya yake sakewa, in ta ƙure ya tuɓe takalma ya durƙusa ya kau da kai. To ta ina zai ce ta buɗe masa ƙauri? Yagana ya aika da tsinken kaba ta auno, tana ƙulla alama a kowane wuri, shi kuma ya sassaƙa bisa ƙulli.

"Ɗauro jaki," ya ce. "Maza!"

* * *

Majo Dodo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitan, ya fito daga ɗakin wankin ciwo fuskarsa kamar hadari. Ya tsaya a bakin ƙofar katanga, don Attahir iyakarsa ke nan, ba a taɓa barinsa ya wuce ba.

"Soje, kai ne ko? Na faɗa, na ƙara faɗa, itacen nan naka cin mutane yake. Ka san abin da ya rage? In ciwon nan ya kai ƙashi, Damagaram za su sake yanka, sama da gwiwa. Tsohuwa irin wannan in ta rasa gwiwa, ta gama tafiya."

"Za ta warke, Majo?"

"In ta daina sa wannan bala'in. Amma ga ta can tana ce mini a ba ta ƙafarta, gara ta mutu a tsaye da ta koma rarrafe." Ya ƙwace ƙafar ya leƙa. "Ƙashin ƙaurinta ya yi tsini ta gaba. Ko makaho ya shafa zai ji. Kai ba ka gani ba?"

"Ban ga dungun ba."

"Kai me?"

"Surukata ce, Majo."

Majo ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya fasa. Shi ma da tasa surukar a Gangara, kuma ranar da ta zo da ciwon ido, ɓoyewa ya yi a bayan ɗakin magani har ƙaramin ma'aikaci ya sallame ta.

"Inda na koyi aikin nan," in ji Attahir a hankali, "tare da likita muke shiga wurin mai ciwo. Shi ya duba nama, ni in duba ƙashi da tsayi. Ba a sallamar mai dungu sai da bakinmu mu biyu. Nan kuwa kai kana ciki, ni ina bayan katanga. Wanda ƙafata ta ji wa ciwo yana tsoron faɗanka, yana jin kunyata, sai ya yi shiru har ya ruɓe."

"Nan gidan likita ne, ba rumfar dukawa ba." Majo ya cilla masa ƙafar, ya koma ciki.

* * *

Allura da wanki suka yi aikinsu. Zazzaɓi ya sauka, ciwo ya soma haɗuwa, rigima kuma ta tashi sabuwa. Majo na wucewa ta bakin ɗakin mata ya ji muryar Yagana.

"Inna, don Allah ki bari ya auna da kansa. Majo ma ai namiji ne, kullum yana buɗe ƙafar nan."

"Majo likita ne. Idon likita ba ido ba ne."

"To shi fa?"

"Shi mijinki ne, mai sassaƙa a rumfa. Ke dai ba ki da ta ido. In buɗe masa ƙauri a bayan katanga, 'yan kasuwa na wucewa? Miƙo mini tsohuwar ƙafata in tafi gida."

"Ita ce fa ta kusa kashe ki!"

"To in ba ita ba, sai kawunki ya zo ya kwashe ni zuwa ƙofar masallaci. Ki zaɓa mini."

Majo ya daɗe tsaye. Ya tuna masu dungun da ya sallama da hannunsa, ciwo ya warke sumul, daga baya ya gan su a kasuwar Belbeji da takalma a tafin hannu suna ja da gindi. Ya saba cewa nasa aikin ya ƙare a nan. Yau maganar ta ƙi zama.

Ya shiga ofis ya zaro farar rigarsa ta biyu, ya zagaya bayan katanga, karo na farko da ya taka rumfar. Ya tarar da Attahir yana fafe icen dashi.

"Soje, tashi. Tsohuwar ta ce idon likita ba ido ba ne. Zura wannan ka shiga ka auna, ka fito ka ba ni kayana."

Attahir ya dubi rigar, bai miƙa hannu ba.

"A'a, Majo."

"A'a? Kai wane irin mutum ne?"

"In na shiga da rigar aro, gobe ta gan ni a rumfa, ta san mun haɗa baki mun yaudare ta. Gari ya ɗauka, a ce surukin Kaltuma ya yi mata dabara ya ga jikinta. Wannan ya fi yankan gwiwa ciwo. In likita ne ni, to in zama likita gobe da jibi. In ba shi ba ne, kar a yi mata ƙarya."

"Wato ɗaki kake so."

"Ɗaki, cikin katanga. Kuma kar ka ƙara sallamar mai dungu sai na gani."

"Ka ji ɗan dukawa da dogon buri!" Majo ya yi tsaki, ya yi taku biyu, ya juyo. "To ni ma da nawa. Za ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar kowa. Fatar nan da kake sawa, sai na ga yadda aka jeme ta. Ƙafa ba ta fita sai na duba naman da za ta hau, kuma mai ita ya riƙa dawowa muna dubawa tare."

"Na yarda."

"Babban likita in ya zo rangadi ya ce a'a fa?"

"Sai ka nuna masa Inna tana tafiya."

Washegari ranar kasuwa ce, farfajiyar gidan likita cike da Buzaye da Fulani da mutanen gari. A gaban idonsu aka kwashe tarkacen ɗakin ajiya, aka share, aka shigo da gizago da zarto da teburin aiki. Majo ya tsaya kan dakali ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku ji! Daga yau gidan nan yana da likitan ƙafa. Mai dungu, mai shan inna, duk wanda kuka ɓoye a ɗaki, ku kawo shi ta wannan ƙofa, ba ta baya ba."

Wani mahauci mai ɗaurarren yatsa ya ce, "Ikon Allah! Jiya yana yi mini kube, yau likita. Majo, ni ma na iya yanka, ko akwai wata rigar?"

"Kai da ka yanka yatsanka maimakon akuya? Zauna can!"

Aka kwashe da dariya. Attahir na tsaye cikin farar riga, hannuwan sun yi masa guntaye, bai ji ko ɗaya ba. Ƙofar ɗakin mata yake kallo.

* * *

Kaltuma na zaune bakin gado, ta ja zane ta rufe fuska tun da ta ji takunsu. Yagana ta raɓe a bango.

"Inna Kaltuma," in ji Majo, "ga likitan ƙafa na kawo miki."

"Wanne ke nan?" muryar ta fito daga cikin zane.

"Kin ji shelar da na yi. Ɗakinsa na nan kusa da nawa. Gobe ma nan za ki same shi, baɗi ma haka."

Attahir ya tsaya bayan Majo, ya kau da kai. Tun ranar da aka ɗaura masa aure da Yagana, matar nan ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, sai ta bakin 'yarta. In ta ƙi yanzu, babu sauran dabara.

Sai zanen ya motsa. A hankali dungun ya fito, ta miƙe shi bisa gado.

Ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsunsa. Nan take ya ji abin da kaba ba ta iya faɗa masa ba: tsinin ƙashi ta gaba, da wani ɗan ƙashi a gefe, da taushin naman da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, inda ya kamata nauyi ya sauka. Ya danna a hankali.

"Nan da zafi?"

Yagana ta buɗe baki za ta amsa mata, kamar yadda aka saba. Majo ya ɗaga mata hannu.

"Da zafi, likita," in ji Kaltuma.

Attahir ya matsar da yatsansa. "Nan fa?"

"Nan babu."

"Waccan ƙafar, ina ta fi cin ki?"

"Ina ne ba ta ci ba? Ga nauyi kamar turmi, ga nutsewa a rairayi. Wanda ya yi ta dai, Allah Ya ba shi lada, amma bai kyauta ba."

Majo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya kawo farin garin da ake ɗaure karaya da shi, suka kwaɓa, suka naɗe dungun har ya daskare ya ɗauki siffarsa. A kan wannan siffa Attahir ya fafe sabuwar ƙafa ta dashi maras nauyi, ya bar wa tsinin ƙashin rami, ya yi mata tafi mai faɗi na robar taya. Sau da yawa aka gwada aka cire, Majo na duba inda fata ta yi ja, shi yana kankarewa.

Ranar da motar babban likita ta iso daga Tanut, Kaltuma ce ta ratsa farfajiya a gabansa, ba sanda, ta je randa ta sha ruwa ta dawo. Ya sa ta zauna ya cire ƙafar, ya duba dungun, ya duba ɗakin. Da zai tafi ya ba Attahir hannu kamar yadda ya ba Majo, ya ce akwai masu dungu biyu a Falanko da zai turo.

* * *

Da aka sallame ta, Yagana ta ɗora ta kan jaki suka kama hanyar gida. A gefen kasuwa, gindin wata aduwa, suka iske wata mace zaune a rairayi, ƙafarta ɗaya ta ƙare a ƙauri, gwiwoyinta sun yi kanta kamar na raƙumi.

"Sadaka, baiwar Allah."

Kaltuma ta tsayar da jaki. Ta ɗage bakin zane ta ƙwanƙwasa itacen da yatsa.

"Ke 'yar'uwa, ya sunanki?"

"Raishatu."

"Kin ga wannan? Je ki gidan likita, ki shiga ta babbar ƙofa, ki ce likitan ƙafa kike nema."

"Wane ne shi? Ya sunansa?"

Kaltuma ta kau da kai. "Ni ba na faɗin sunansa."

Raishatu ta dubi hanyar, tudu ne da rairayi mai zafi, ta dubi tafin hannunta. "Shekara nawa ina nan, kowa na wucewa. Wa zai kai ni?"

Kaltuma ta zamo daga kan jakin, ta dira da ƙafa biyu.

"Yagana, kama ta nan."

Suka cicciɓe ta suka ɗora. Yagana ta juya kan jakin ya fuskanci gidan likita, tana waiwaye. "Inna, ke fa?"

"Na san hanyar gidana."

Ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanyar gida ita kaɗai. A bayanta sawu biyu na bin rairayi, ɗaya da yatsu, ɗaya da zanen taya.