Gurbin Yaya a Filin Eriya

Aikinmu ba wuya a faɗe shi. Fili ne fetal, an jera eriya ɗaruruwa sahu-sahu. Mu kuma sai mu tayar da ƙaramin jirgi marar matuƙi ya riƙa shawagi a samansu yana sakin sigina, kwamfuta ta zana mana yadda suke ji ta kowace fuska. Zanen kan fito kamar tafin hannu da yatsu a buɗe. Doka ɗaya ce: idan ana awo, ko akuya kada ta shiga filin, balle mutum, don jikin ɗan Adam shanye sigina yake yi.

To Yayana, Allah ya jiƙansa, kunnen ƙashi ne da shi. Shi ke ɗaure eriyoyin, ni ke zaune gaban kwamfuta. Ana tsakar awo zan hango shi ta taga ya tsuguna da sifana a hannu. In fizgi oba-oba, 'yar rediyon da muke magana da juna, in ce, "Yaya, don girman Allah fita mini daga fili!"

Sai ya ce, "Ke Auta, ni siriri ne, ba za su gan ni ba." Mutum kamar randa fa!

Ciwon 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Da na koma aiki muka yi awo, sai ga wani ƙulu ya fito a zanen, ta sahun gabas. Muka sake, yana nan. Aka canja waya, aka canja eriyar da ke wurin, ƙulun ko gezau. Direbanmu ya daina bi ta gefen da mota. Maigadi ya rantse yana jin ƙarar sifana da rana tsaka. Na balbale shi da masifa, amma ni kaina na ja labulen tagar da ke kallon gabas, kuma duk lokacin da zanen ya fito sai tsikar jikina ta tashi.

Oga ne ya zo ya tsaya a bayana, ya daɗe yana kallon allon. Can ya ce, "Auta, yaushe aka yi wa na'urar nan saiti na ƙarshe?"

Sai na tuna. Ana gobe Yaya zai kwanta ciwo aka yi shi. Ranar na yi ta kiransa a oba-oba shiru, na ɗauka ya tafi cin abinci. Ashe yana tsugune a sahun gabas. Na'ura ta auna filin da shi a ciki, ta ɗauka shi ma kayan fili ne. Tun daga ranar take ware masa gurbinsa, tana ƙara ji ta wurin don cike abin da jikinsa ke shanyewa.

"Sai a sake saiti," in ji Oga a hankali. "Waɗanda suka ba mu aikin ba za su karɓi zane da ƙulu ba."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi, alhali gaskiya ya faɗa. An raba kayan Yaya, an ba wani ɗakinsa, layin wayarsa ma an rufe. A duniyar nan kaf, wannan na'urar ce kaɗai ba ta san ya mutu ba, kuma ni ake so in gaya mata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bari sai gobe."

"Goben ma ke ce za ki danna. Ba wanda ya iya sai ke."

Na buɗe labulen. Rana ta take, eriyoyi na ta ƙyalli, ko tsuntsu babu. Na ɗauki oba-oba duk da haka, na danna, na saurari shuuu ɗin da ke fitowa har yatsana ya gaji. Sannan na sake saitin, na tayar da jirgi.

Zanen ya riƙa fitowa yatsa bayan yatsa. Da ya iso gabas na riƙe numfashi, layin ya wuce sumul bai ko tsaya ba. Direba ya yi tafi, maigadi ya leƙo yana washe baki.

Oga ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi. Yanzu kam babu kowa a filin."